Ajiyar Mai Wushirya

Abin nan ya faru ne bayan shekarar da aka kulle mutane a gida saboda annoba, har aka hana zuwa masallacin Juma'a, amma kafin wahalar canjin kuɗi, lokacin da mai arziki ke kwana da yunwa dukiyarsa na banki. A tsakanin nan ne. Malam maigidana bai daɗe da rasuwa ba, kuma a bazarar ce rijiyar gidanmu ta ƙafe, muka koma sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa kamar baƙi. Ni da haka nake lissafi, kuma ba na ɓata. Masu kalanda su ne kullum cikin gardama da junansu.

Gidanmu yana wani layi a Gyaɗi-Gyaɗi, ta ɓangaren da in ka miƙe za ka faɗa Tarauni. Da aka kawo ni gidan, gonar gero ce a bayanmu, har kurciya muke ji. Yanzu ko ina bulo ne, kuma yawancin mutanen layin 'yan haya ne: direbobi, masu Adaidaita, leburori, sai ma'aikatan babban asibiti. Ni ma ɗaki ɗaya na ba wata malamar asibiti haya, mace mai kirki, mai yawan aikin kwana. A ƙarshen layin kuwa akwai makarantar sakandare ta maza.

Sana'ata awara da zoɓo, a bakin zaure nake kafa kaskona. Amma ba da awara aka san ni a layin nan ba, da ajiya aka san ni. Gado na yi. Uwata a ƙauyenmu ita fatake ke bar wa kaya su yi wata da watanni, su dawo su tarar da ƙullin da suka yi da hannunsu bai motsa ba. Ita ta ce min ajiya ba a buɗe ta, ba a ba wani labarinta, kuma ranar da mai ita ya miƙo hannu ba a ce masa a'a. Da wannan na tsufa. Makullin leburan da ya tafi gida noma, keken ɗinkin matar da ta yi yaji, rediyon wani direba da bai yarda da abokin kwanansa ba, duk sun kwana ƙarƙashin gadona. Babu mahaluƙin da ya taɓa dawowa ya ce ko allurarsa ta yi ciwon kai. A tambaya a ji.

To, 'yan makarantar nan in an tashe su ba gida suke nufa ba. Wasu ƙwallo, wasu gidan kallo, wasu zaman banza. Jaka kuwa nauyi ce, sai suka fara jibge min su a zaure, in sun gaji da yawo kafin magariba kowa ya zo ya ɗauki tasa. Wanda ya fara wani dogon yaro ne mai wushirya, ɗan Darmanawa. Tun yana ɗan ƙarami a ajin farko yake cin awarata, har ya zama na ajin ƙarshe, murya ta buɗe. Ba jinina ba ne, amma wasan jika da kaka muke yi da shi. Daga nesa zai wurgo jakar ta faɗi tim a bayana.

"Uwargida, ga jakar mijinki nan, a kula da ita!"

"Wane mijin? Mijin da ko gishiri bai taɓa kawowa ba?"

"Ki bari in gama makaranta, Makka zan kai ki."

"A kan wannan tsinkakken silifas ɗin? Tafi can, na yi sabon miji mai mota."

"Wa zai kwashi tsohuwa ba haƙori in ba ni ba?"

Sai in ɗaga matsami kamar zan kwaɗa masa, ya ruga yana dariya, wushiryar nan a waje.

Ba zan wanke yaran nan ba, sun addabi layi. In an buɗe ƙofar makaranta bayan azahar, sai ka ga titi ya yi fari fat da kayan makaranta kamar balbelu sun sauka a fadama. Ƙwallonsu ta fasa gilashin tagar liman, ta taɓa faɗawa cikin man suyata, Allah ne ya tsare fuskata. Su zauna a dakalin gidan mutane su baje ƙafa, matar aure ta rasa ta inda za ta wuce. Su yi wa 'yan matan Islamiyya fito. Su maƙale a bayan Adaidaita tana tafiya. Sun taɓa sakin kurar wani ɗan ga-ruwa a gangare, jarkokinsa suka tarwatse, bawan Allah ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Malamar asibitin nan tawa za ta dawo daga aikin kwana ta kwanta, ihunsu ya tashe ta, ta fito ido jawur ta tsaya a tsakar gida. Wasu kuma a kangon bayan layi suke busa abin da ba taba ba.

Dattawan layi sun je makaranta. Aka ce musu yaro in ya fita ƙofa ya koma hannun iyayensa. Iyayen kuwa suna Darmanawa, suna Unguwar Gano, suna Daurawa, wa ya san ƙofar gidansu? A zamaninmu in yaro ya yi maka rashin kunya ka san ubansa, ka ja kunnensa ka kai shi gida a ƙara masa. Nan kuwa mutanen layi baƙi, yaran baƙi. Kowa na kallon kowa, babu wanda ya san kakan wani.

Akwai samarin layi da suka haɗa sintiri saboda masu ƙwacen waya. Babbansu wani mai Adaidaita ne da ya zo daga ƙauye, yana haya gida uku daga namu, da mata da 'ya'ya ƙanana. Mutum ne mai neman na kansa, ba ya sha ba ya caca, sai dai zuciya a kusa. Mashin ɗin ba nasa ba ne, na wani Alhaji ne. Ranar da yaran makaranta suka keta masa tamfol ɗin baya da reza, ya tsaya a tsakiyar layi ya rantse sai ya koya wa ɗayansu hankali.

Wanda tsautsayi ya faɗa wa mai wushirya ne, kuma ni shaida ce ba shi ya keta ba, don a ranar yana gabana yana cin awara. Laifinsa suma. Ya tara gashi ya yi irin askin 'yan ƙwallon nan, yana ɓoye shi da hula a makaranta, in an tashi ya cire. Suka tare shi daidai lokacin da 'yan matan Islamiyya ke wucewa da la'asar. Mutum biyu suka danne shi a bakin kwata, mai Adaidaita ya fito da reza. Ba ruwa, ba sabulu. Ya yi masa hanya daga goshi zuwa ƙeya, ya yi wata daga kunne zuwa kunne, ya bar sauran. Jini na tsattsafowa. Mutane suka taru ana dariya, har da manya.

Na miƙe daga gaban kasko na ce, "Kai! Ba a aske ɗan mutum ba da yawun ubansa ba! Ku sake shi!"

Mai Adaidaita ko juyowa bai yi ba. "Iya, ki yi suyarki. Tarbiyya muke yi."

Yaron bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. Da suka sake shi sai ya durƙusa ya tattara gashinsa daga ƙasa, a hankali, bai bar ko sili ba, ya zuba a aljihun riga. Ya sa hularsa. Ya tako har gabana ya tsaya.

"Hajiya, jakata."

Tunda nake da shi bai taɓa ce min Hajiya ba. Na miƙa masa, na ce, "Maigida, zo in wanke maka kan da ruwan ɗumi." Ya karɓi jaka ya tafi kamar ba da shi nake ba.

Daga ranar layi ya yi tsit. Babu ƙwallo, babu fito, babu mai hawa dakalin kowa. A tashe su, su wuce a jere kai a ƙasa, har da gaisuwa. Mutanen layi suka yi ta murna, ana ta yaba wa 'yan sintiri, wai maganin biri karen Maguzawa. Ni dai ban yi murna ba. Na raini 'ya'ya, na raini jikoki. Yaro in yana ihu ka san inda yake. Ranar da ka ji shiru a bayan ɗaki, ajiye abin da kake yi ka je ka duba.

Sai jarrabawar fita ta zo. Lokacin jarrabawa ana caje su a ƙofar makaranta, ba a shiga da jaka, don haka da safe suke kawo min ajiya maimakon da rana. Abin da na fara lura da shi, sun daina wurgowa. Yaron da a da zai jefo jaka daga tsallaken kwata, yanzu sai ya shigo zaure ya durƙusa ya ajiye ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na biyu, sun daina ɗauka da yamma. Jaka ta kwana, ta sake kwana, wata ta zo ta hau kanta. Rannan ina shara na ja ɗaya gefe, hannunta ya suɓuce min, ta bugi siminti. Na yi shekaru ina jin faɗuwar jakar littafi a zauren nan, na san ƙararta. Wannan ƙarar ƙarfe ta yi.

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ban taɓa zif ɗin ba, ban lallatsa ba. Na gama sharata. Amma nauyin ya zauna min a hannu har na yi sallar azahar ina jin sa.

Washegari da mai wushirya ya zo wucewa na kira shi. Hula ya ja har gira.

"Maigida, kayan nan naku sun cika min zaure. Yaushe za a kwashe?"

"Ranar kandi, Hajiya."

Haka suke kiran ranar da suke rubuta takardar ƙarshe, su fito suna ihu suna zane rigunan juna da biro.

"Me ya sa sai ranar?"

"Ranar ba mai korar mu daga makaranta. Mun gama."

Ya faɗe ta a sanyaye, kamar mai faɗin farashin gishiri. Ya wuce.

Malamar asibiti ta ji ƙarar nan ita ma, don tana tsakar gida tana wanki lokacin. Ta same ni a ɗaki ta zauna bakin gado.

"Inna, ni nake ɗinke irin abin da ke cikin jakunkunan nan in ya gama aikinsa. Wallahi ba kya son ki gani. Ki buɗe su, ko ki bari a kira hukuma."

Na ce, "Ajiya ce."

"To ki hana su in sun zo."

"Ajiya ce, 'yar nan. Ba a buɗewa, ba a hanawa."

"Inna, amanar jaka ta fi ran mutum?"

Na shiga lissafi a raina. In na buɗe, na zama tsohuwar da ke laluben kayan mutane, abin da uwata ta bar min ya mutu a hannuna. In na miƙa musu, duk jinin da ya zuba a layin nan daga zaurena aka ɗauko abin zubar da shi. Kwana da kwanaki ina juya maganar ina suya, har awara ta riƙa ƙonewa.

Su ma 'yan sintiri labari ya kai musu. Layi ba ya ɓoye komai. Aka fara ganin gora jingine a bayan ƙofofi, wata an ɗaura mata ƙarfe a kai. Mai kanti ya ce ranar ba zai buɗe ba. Mata suka ce 'ya'yansu ba za su je Islamiyya ba. Kowa ya san ranar, kowa ya san wurin, babu wanda ya faɗa da baki. Mai Adaidaita in ya wuce ƙofata sai ya rage gudu ya leƙa cikin zaure.

Ranar ta zo da hadari tun safe, baƙi ƙirin ta gabas, ga zafi, ko ganye ba ya motsi. Da yaran suka shige makaranta na ce wa malamar asibiti ta kama min. Muka ja jakunkunan nan ɗaya bayan ɗaya daga zaure har ƙuryar ɗakina, ita tana ja tana salati. Ban hura wuta ba ranar. Na ɗauki kujerata 'yar tsugunno na dasa ta a bakin ƙofar zaure. Ƙofar irin ta da ce, matsattsiya, mutum ɗaya take ci. Na jingina bayana da wannan gefen ƙofar, na miƙe ƙafafuna biyu har suka taɓa wancan. Na ɗauki carbi.

Da hantsi mai Adaidaita ya zo da mutanensa.

"Iya, barka da hantsi. Jakunkunan yaran nan muka zo dubawa."

"Da taka a ciki?"

"Babu tawa, amma kin san abin da ke ciki."

"Ban sani ba, ban buɗe ba. Lokacin da ka tafi jana'izar babanka ka bar min makullin ɗakinka, wa na bai wa ya duba?"

Sai ya durƙusa kusa da ni ya rage murya, kada mutanensa su ji.

"Iya, ni suke nema fa. Ina da 'ya'ya. Ƙaramar ko yaye ba a yi ba."

Na dube shi. Gumi na bin wuyansa, leɓensa ya bushe. Tsoro ne na gaske, kuma na tausaya masa. Na ce, "Ga ƙofa nan a buɗe. Ni dai ƙafata ke ciwo yau, ba ta tanƙwaruwa. Mai son shiga ya tsallake."

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ba a tsallake ƙafar babba. Tun yaro na rarrafe ake kwaɓarsa a kai. Balle namiji da gemunsa ya ɗaga ƙafa ya haura tsohuwar da ta yi jika da shi, a bainar jama'a. Wanda ya yi wannan, abin zai bi shi har ƙauyensu, ranar da ya je neman wa ɗansa aure sai an tuna masa. Mai Adaidaita ya dubi ƙafafuna, ya dubi cikin zaure. Wani a bayansa ya ce, "Mu shiga kawai mana." Mai Adaidaita ya juya ya ce masa, "Shiga, ga hanya." Babu wanda ya motsa. Suka koma gindin dalbejiyar da ke tsallaken kwata suka zauna, kowa da gorarsa a kan cinya.

Haka muka zauna, ni a nan su a can. Layi ba kowa, ko akuya. Ƙofofi a rufe, amma ina ganin idanu a tagogi. Hadari ya ƙara saukowa har gari ya yi duhu kamar magariba, alhali ko azahar ba a kira ba.

Sai muka ji ihu ya tashi daga makaranta. An gama.

Masu ihun suka yi ta bakin titi. Masu jaka kuwa ba su yi ihu ba. Suka shigo layi a dunƙule, fararen rigunansu duk zanen biro, ba mai magana, sai ƙarar takalma. 'Yan sintiri suka miƙe tsaye. Kwata ce kawai tsakaninsu. Mai wushirya na gaba, ya zo ya tsaya dab da ƙafata.

"Hajiya, mun zo karɓar ajiya."

Ya san kalmar da ya zaɓa. Shekara nawa yana jin ina faɗin ƙa'idata a zauren nan.

Na ce, "Tana ciki yadda kuka bar ta. Ko zif ban taɓa ba."

"To a miƙo mana."

"Ƙafata ke ciwo, maigida."

"Ki aiki malamar asibitin nan taki."

"Ba ita kuka bai wa ba."

"To ki janye mu shiga."

"Ba ta janyuwa. Ban hana ka kayanka ba, ga ƙofa. Tsallake."

Daga baya wani ya ɗaga murya, "Kai, a ɗauke tsohuwar nan da kujerarta mana!" Wani ya ce masa, "Zo ka ɗauka, uwarka ce." Babu wanda ya yi dariya.

Mai wushirya ya ɗaga ƙafa.

Ban dubi fuskarsa ba, carbina na ci gaba da ja. Amma ina ganin tafin takalminsa a saman ƙwaurina, ya cinye ta gefe ɗaya, da ɗan ƙaramin dutse maƙale a ciki. Ƙafar ta tsaya a sama. Na ji ƙarar gora tana gogar ƙasa a tsallaken kwata. Na san in ƙafar nan ta sauka ta ciki, sauran za su biyo shi kamar tumaki, kuma kafin a kira salla an kwashi wani a layin nan.

Wani gajeren abokinsa ya riƙo rigarsa ta baya. "Kai, awararta muka ci fa tun muna aji ɗaya. Wallahi in ka haura ta, ni babu ni."

Ƙafar ba ta sauka ba, ba ta koma ba. Sai ya sa hannu ya cire hularsa ya sunkuyo min da kan. Gashi ya fara tohowa, amma hanyoyin nan biyu suna nan, da tabon reza fari-fari.

"Kin ga abin da suka yi min? Kina zaune a nan aka yi."

"Na gani. Na kuma yi magana."

"Magana," in ji shi.

Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da ƙafarsa inda ya ɗauko ta.

Na ɗaga murya yadda na baya za su ji, har da na gindin dalbejiya. Na ce, "Wanda ba zai tsallake ba, ya turo wadda ta haife shi. Mace ga mace sai in janye ƙafa, ta shiga ta ɗauko wa ɗanta kayansa da hannunta. Ko yanzu ta zo, ko da yamma, ina nan."

Aka yi ta kallon-kallo. Na baya suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Mai wushirya ya mayar da hularsa, ya sunkuyo dab da kunnena, har ina jin numfashinsa.

"Ajiye min, Hajiya. Zan zo."

Ya juya, hannu ba komai, ya haura kwata ya nufi dalbejiya shi kaɗai. Ya tsaya gaban mai Adaidaita, kusa har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ya kafa masa ido kawai. Mai Adaidaita na riƙe da gora, amma wa zai ɗaga gora kan yaron da ba ya riƙe da ko tsinke, layi duka na kallo ta taga? Yaron ya gama kallonsa ya wuce, bai waiwaya ba. Bai kai ƙarshen layi ba ruwa ya ɓarke, biron da ke rigunansu ya riƙa narkewa yana bin wandunansu.

Da na zo tashi, ƙafar ta ƙi da gaske. Sai da malamar asibiti ta ɗaga ni, ta shafa min man zafi tana faɗa tana hawaye.

Iyaye mata suka fara zuwa tun washegari. Kowacce ta yi sallama, in janye ƙafa, in nuna mata ƙarƙashin gado, ɗanta na tsaye a waje. Abin da ba zan manta ba fuskokinsu ne in sun ɗaga jakar. Uwa ta san nauyin jakar ɗanta, ita ke wanke ta. Wata ta ɗaga ta ajiye, ta zauna daɓas a tabarmata ta rufe fuska da mayafi. Wata ta fita ta sharara wa ɗanta mari a zaure, shi ma bai tambayi dalili ba. Wata ta zage ni tas, wai ni ke ɓata 'ya'yan mutane, na bar ta ta gama, don na san ba da ni take ba. Wata ta dawo bayan kwanaki da goro a ƙulle. Babu wadda ta buɗe a gidana, ni kuma ban tambayi kowa ba.

Mutanen layi wasu sun daina gaishe ni har ƙarshen damina, wai na ɓoye makamai. Mai unguwa ya aiko aka tambaye ni, na ce ni ban ga makami ba, jaka na gani, kuma gaskiya na faɗa. Masu cewa na karya ƙa'idar uwata kuwa su faɗi wanda na hana kayansa. Ƙofa a buɗe take. Su suka ƙi shiga.

Jakunkuna suka ƙare, saura ɗaya. Na yi ta zuba ido ban ga uwar mai wushirya ba. Sai da gajeren abokin nan nasa ya zo sayen awara na tambaye shi. Ya ce, "Iya, ai ba shi da uwa. Tun yana goye ta rasu, a wajen kawunsa yake, kawun kuma direban babbar mota ne, ba ya zama." Ban san haka ba ranar da na yi maganata. Da na sani ma ƙafata ba za ta janye ba. Amma na gane abin da ya sa ya ce zai zo, bai ce zai turo ba.

Jakar tana nan ƙarƙashin gadona, ta wajen kai, baƙa mai tsinkakken hannu ɗaya. In ana share ɗaki ni nake ja ta da kaina, ba na bari kowa ya taɓa. Nauyinta bai ragu ba. Ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba. Ranar da ya yi sallama ya miƙo hannu, ban san abin da ƙafata za ta yi ba, don yanzu ciwon na gaske ne, kuma shi ba yaro ba ne.

Mai Adaidaita bai ƙara damina a layin ba, ya kwashe iyalinsa ya koma Daurawa. Amma in hanya ta biyo da shi yakan tsaya a ƙofata, ba ya kashe mashin.

"Iya, ina wuni. An zo ɗauka?"

"Ba a zo ba."

Sai ya ce Allah ya kyauta, ya dubi layi sama da ƙasa, ya ja.

Cikin waɗanda suka ga ranar nan, liman ya rasu, mai unguwa ya rasu, mai kanti ma an kai shi bara da azumi. An sare dalbejiyar an yi shago a wurin. Malamar asibiti tana raye, ta yi aure ta koma Unguwar Gano, takan aiko min da man zafi. Gajeren yaron yana nan, yana gyaran waya a bakin titi, har ya yi 'ya. Mai Adaidaita yana raye. Mai wushirya kuwa wasu sun ce ya yi kudu, wasu sun ce sun gan shi a tasha ya yi ƙiba, har yanzu ba ya cire hula. Ban ji wanda ya ce ya mutu ba. Sai ni, ina nan bakin zaure, kunnena na ga ƙofa.